MOTA HAƊIN GIDA: WANDA YA HAƊA SHI KE DA ALHAKI

Jawabi ga makanikai, masu walda da ɗaliban makarantun koyon sana'a



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne haɗa mota a gida. Watau mutum ya sami tsohuwar mota ya feɗe ta, ya ɗebi injinta da giyarta da ƙafafunta, sa'an nan ya ƙera musu sabon ƙashi da sabon jiki, har a wayi gari ga wata mota dabam wadda ba ta fito daga kowace masana'anta ba. A garuruwa da dama na ƙasar nan mun sha ganin samari sun fito da irin waɗannan motoci, yara na binsu da gudu, manya na sa albarka. Ni ma ina cikin masu sa albarka, domin ƙasar da 'ya'yanta ba su taɓa ƙarfe ba, sai ta dawwama tana sayen na wasu.

Amma aikina ya koya mini in duƙa in leƙa ƙarƙashin mota kafin in yaba fentinta. Wata rana aka kai ni in ga wadda wani saurayi ya haɗa a zauren gidansu. Ja ce, mai kujera biyu, kowa ya gan ta sai ya ƙara kallo. Da na shiga ƙarƙashi sai na tarar sandar sitiyari ta yi masa tsawo ya yanke ta ya haɗa da walda, bututun birki kuwa an ɗaure shi da robar taya, yana gogar salansa. A cikin wannan mota yake ɗaukar ƙannensa zuwa makaranta. Na tambaye shi dalili, ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa akwai laifi a ciki. Yaron nan yana da basira ƙwarai, abin da ya rasa shi ne mai nuna masa hanya. Saboda shi da ire-irensa ne na shirya wannan jawabi.

Maganata guda ɗaya ce. Kowace mota da ta fito daga masana'anta, akwai injiniyoyi da suka auna ta, aka gwada birkinta, aka fyaɗa 'yan'uwanta da bango don a ga abin da zai sami fasinja. Wanda ya haɗa mota a gida ya hau kujerar masana'anta, saboda haka duk alhakin da ke wuyanta ya koma wuyansa.

Inda abin ya samo asali

Wannan sana'a a Ingila ta yi ƙarfi. Tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu matasan can sukan sayi tsohuwar ƙaramar mota Austin 7 su jefar da jikinta, su ƙera mata wani mara nauyi don tsere. A shekarar 1948 wani ɗalibin aikin injiniya a Landan mai suna Colin Chapman ya yi wa tasa haka a garejin iyayen budurwarsa. Shi ne daga baya ya kafa kamfanin Lotus, wanda a 1957 ya fito da motar da ake kira Lotus Seven, 'yar mitsitsiya mai kujera biyu, ba ƙofa ba rufi, nauyinta bai fi wajen kilo 500 ba.

A zamanin nan akwai haraji mai nauyi a kan sabuwar mota a Ingila, amma idan aka sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa, harajin ba ya hawa kanta. Don haka sai kamfanin ya riƙa sayar da ita gunduwa-gunduwa. Ana ba da labarin cewa da doka ta hana a haɗa wa mai saye da takardar koyar da haɗawa, sai aka riƙa ba shi takardar koyar da wargazawa, ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. A watan Afrilu na 1973 aka sauya tsarin haraji, wannan rangwame ya ƙare. A shekarar ce kamfanin Caterham ya sayi izinin ƙera motar, kuma har yanzu yana sayar da ita ga mai son haɗawa da hannunsa.

A Amurka kuwa, a jihar Kalifoniya, wani mai ƙera jiragen ruwa, Bruce Meyers, ya fito da motar yawo a rairayi a 1964. Dabarar da ta yaɗu daga wurinsa ita ce a ɗauki Volkswagen Beetle a kwance jikinta, tun da da noti aka ɗaure shi a kan faranti, a rage tsawon farantin da wajen inci 14, a ɗora jiki na zaren gilashi da ƙaro.

Sa'an nan a 1996 wani malamin koyar da aikin mota a Ingila, Ron Champion, ya wallafa littafi inda ya nuna yadda mutum zai ƙera mota mai kama da Seven daga sandunan ƙarfe da kayan tsohuwar Ford Escort, ya ce fam 250 na iya isa. Mutane da yawa suka bi tsarinsa. Da Escort ta yi wuya sai aka koma ga Ford Sierra, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, yau kuma an fi feɗe Mazda MX-5. Abin lura shi ne ƙalilan ne suka gama da fam 250. Akasari sai da suka kashe dubbai, aikin kuma ya ci shekaru.

Mu ma ba baƙi ba ne

Kada wani ya ɗauka haɗa mota baƙon abu ne a Nijeriya. A shekarar 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma aka fara haɗa Volkswagen a Legas, wadda Yarbawa suka laƙaba wa suna Ijapa, watau kunkuru. A cikin akwatuna kayan ke zuwa a wargaje, ma'aikatanmu su haɗa. An yi irin wannan da manyan motoci a Bauchi da Kano da Ibadan da Enugu. Tun kafin wannan ma kafintocinmu na ɗora bodin katako a kan ƙashin Bedford, maƙeran Legas kuma suka ƙera jikin molue a kan ƙashin Mercedes-Benz 911.

To, amma a lura da bambanci. Ma'aikacin Kaduna sabbin kaya yake haɗawa bisa zanen da aka riga aka gwada. Mai bodin katako kuwa bai taɓa ƙashi da birki da sitiyari ba, yadda suka zo daga masana'anta haka ya bar su. Mai haɗin gida shi ne ke taɓa waɗannan ukun duka, kuma da tsofaffin kaya. A nan hatsarin yake.

Zaɓen motar fiɗa

Tsohuwar motar da za a feɗe a ɗebi kayanta, bari mu kira ta motar fiɗa. Shawarata ta farko ita ce a sayi mota guda sukutum, a ɗebi duk abin da ake bukata daga jikinta. Wanda ya sayi inji a Ƙofar Ruwa ta Kano, giya a Fanteka ta Kaduna, birki a Ladipo ta Legas, zai ƙare da kayan da ba su san juna ba, ya yi ta yanka da toshi don su zauna. Kayan mota guda kuwa tun asali an auna su tare.

Na biyu, a zaɓi wadda ta dace da zanen da za a bi. Mota irin Seven injinta a gaba yake a miƙe, ƙafafun baya ke tura ta. Ƙananan motocin da suka cika titunanmu yau akasarinsu ƙafafun gaba ke jan su, injinsu a gicciye, saboda haka ba za su zauna a wannan zane ba sai da sauyi mai yawa. Haka kuma a tuna Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, sitiyarinmu a hagu yake. Zanen da ya fito daga Ingila na mai sitiyari a dama ne, lalle a juya shi tun a takarda kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Na uku, a tuƙa motar kafin a feɗe ta. A saurari injin, a ji shigar giya, a duba hayaƙi da bakin mai. Gyaran inji ya fi sauƙi tun yana cikin motarsa. In an zo kwancewa a ɗauki hoton kowane abu, a manna wa kowace waya takarda mai suna, a zuba notin kowane sashi a ledarsa. Idan injin na zamani ne mai kwamfuta, a adana kwamfutar da makullin da dukan wayoyin tare, domin da yawansu ba sa tashi in aka raba su.

Na huɗu, kuma wannan ya fi sauran nauyi, takardu. Kada a sayi motar fiɗa sai da takardun mallaka, da rasit mai sunan mai sayarwa, da shaidu. A gwada lambar inji da lambar shasi da ke jikin motar da waɗanda ke cikin takarda. Motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau akasarinsu lambar shasinsu haruffa da alƙaluma 17 ne. In an ga alamar goga ko sabuwar walda kewaye da lambar, a bar cinikin komai arharsa. Ɓarayin mota sun san cewa hanya mafi sauƙi ta ɓatar da sawu ita ce a wargaza mota a sayar gunduwa-gunduwa, karɓar kayan sata kuwa laifi ne a dokokin Arewa da na Kudu. Tsintacciyar mage ba ta mage.

Ƙashin mota

Ƙashi, wanda makanikai ke kira shasi, shi ne ke ɗauke da komai. Zanen Champion da sandunan ƙarfe masu kusurwa huɗu yake aiki, faɗinsu milimita 25, kaurin bangonsu milimita 1.6. Mutum zai yi mamakin yadda siririn ƙarfe haka zai ɗauki inji da mutum biyu. Asirin yana ga yadda aka jera shi. Ku dubi ƙofar katako: in aka haɗa katako huɗu kawai, ba da jimawa ba sai ta karkace, amma da kafinta ya gitta guda daga kusurwa zuwa kusurwa sai ta tsaya cak. Haka ƙashin mota yake, ko'ina an raba shi gida-gida masu kusurwa uku. Duk wanda ya cire sanda guda don inji ya sami wuri, bai mayar da madadinta ba, ya karya ƙashin tun bai hau titi ba.

Kada a yi amfani da bututun ruwan famfo ko rodin gini. Ba don wannan aiki aka yi su ba, kuma hayaƙin da ke tashi in ana waldar bututu mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A shimfiɗa katako mai faɗi wanda aka tabbatar ya daidaita, a zana ƙashin a kansa, a kafa sandunan. A fara ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kowace mahaɗa, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, sai awon ya zo ɗaya sa'an nan a cika walda, ana yi ana sauya gefe don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Mai walda ya fara gwada hannunsa a guntaye, ya sa a mataushi ya doka da guduma. Idan waldar ce ta ɓalle kafin ƙarfen ya lanƙwashe, hannunsa bai kai ba tukuna, ya nemi wanda ya fi shi. Ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare. Wasu sukan ɗauki motar zamani su yanke rufinta don ta zama buɗaɗɗiya. Irin waɗannan motoci ba su da ƙashi dabam, jikin shi ne ƙashin, rufin kuma yana cikin abin da ke riƙe da ita. In aka yanke shi sai ta riƙa lanƙwasa a tsakiya, ranar da aka yi karo kuwa sai ta naɗe da mutanen ciki.

Motar da ba ta da rufi lalle a yi mata baka na ƙarfe mai kauri a bayan kujeru, wanda ya ɗara kan direba tsawo, a kafa shi a jikin ƙashi. Bel ɗin kujera ma a jikin ƙashi za a ɗaure shi. Wanda aka ɗaure a jikin langa-langa ko zaren gilashi zai tsinke da wurin duka a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Birki da sitiyari

Jama'a, mota in ta ƙi tashi, asarar lokaci ce. In ta ƙi tsayawa kuwa, sai abin da Allah Ya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a cikin daƙiƙa guda. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa take sau huɗu. A kan wannan ma'auni za a auna kowace dabara da aka yi wa birki.

Ƙarfen birki na motar fiɗa ana iya amfani da shi in an duba ba tsaga ba zaizaya. Amma duk abin da yake roba ne, da takalman birki, da man birki, sababbi za a saya. Roba na tsufa ko ba a aiki da ita. Man birki kuwa yana shan danshi daga iska: irin wanda ake kira DOT 4, sabonsa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. Da ya tafasa sai a taka birki ƙafa ta nutse har ƙasa. Bututun birki na musamman ne, domin matsin da ke cikinsa in an taka da ƙarfi ya ninka iskar taya fiye da sau 30. Bututun firji bai dace ba, girgiza na tsaga shi. A kafa bututun da maƙalai kusa-kusa, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. A kuma riƙe tsarin layi biyu da motar fiɗa ta zo da shi, don in layi ɗaya ya fashe ɗayan ya tsai da mota.

Ga wani abu da masu haɗi da yawa ba su sani ba. Birkin Sierra an auna shi ne don mota mai nauyin fiye da tan guda. In aka ɗora shi a kan mota mai rabin wannan nauyi, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya ya sauya. Idan tayoyin baya suka riga na gaba kamewa, sai bayan motar ya juyo gaba, direba ba shi da ta cewa. Ƙa'ida ita ce na gaba su riga kamewa, kuma ba a sanin haka sai an gwada a fili, inda ba mutane ba ababan hawa.

Game da sitiyari, doka ɗaya ce: ba a yanke sandunansa a haɗa da walda, ba a kuma gasa su da wuta don a lanƙwasa. Ƙarfe ne da aka dafa ta hanya ta musamman, zafi na kashe shi, sa'an nan ya karye rana tsaka ba gargaɗi. In tsawo bai yi ba, a nemi wanda ya yi. A bar wa sandar sitiyari gaɓar nan da masana'anta ta yi mata don ta naɗe in an yi karo, in ba haka ba sai ta zama mashi a ƙirjin direba. Sandar da ke kai ƙarfin giya zuwa ƙafafun baya, in za a rage tsawonta, a kai wa masu injin daidaitawa, domin in ta karye a guje kusa da cinyar direba take.

Kusoshin da ke riƙe da ƙafafu da birki da sitiyari a duba kansu, a ga an buga 8.8 ko 10.9. Wanda ba shi da lamba na ƙofa ne da gado. A sa musu noti mai kulle kansa. Taya kuma a karanta alƙaluma huɗu na ƙarshe da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. Araha ba ta ado.

Mai, wuta da lafiyar mai aiki

Galan ko jarka ba tankin mota ba ne. Tanki na ƙarfe ne, a ɗaure shi tamau, a raba shi da wurin zaman mutane da bangon ƙarfe, a yi masa hanyar shan iska zuwa waje. Kada a kuskura a kai wutar walda kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an zubar an wanke, domin tururin da ya saura shi ne ke fashewa. Kowace waya ta bi ta fiyus, inda kuma ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A ɗaure batir, a ajiye abin kashe gobara a garejin da kuma cikin motar.

Zanen Ingila don ƙasar sanyi aka yi shi da titi mai santsi. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, sai an ƙara girman lagireto an sa fanka mai ƙarfi. Irin waɗannan motoci kuma a ƙasa suke ƙwarai, ramukanmu na iya fasa tukunyar bakin mai. Amma ɗaga mota ba da lissafi ba na ɓata zaman ƙafafu ya sa ta saurin kifewa, saboda haka a nemi shawarar injiniya.

Mai aikin ma ya kula da kansa. Kada ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai ya sa mata matokara. Ya rufe ido in yana walda ko guga, ya rufe hanci in yana aikin zaren gilashi, ya yi shi inda iska ke kaɗawa.

Gwaji da doka

Ingila ba ta bar masu wannan sana'a sakaka ba. A 1998 ta kafa gwaji na musamman ga motar da aka haɗa guda ɗaya, a 2009 ta maye gurbinsa da wanda ake kira IVA. Mai gwaji yakan ɗauki awoyi a kan mota guda. Yana auna birkin kowace ƙafa a kan na'ura. Yana duba ko sitiyari na komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Yana zagaya jikin motar da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100, duk bakin ƙarfen da ta taɓa lalle ya zama an dakushe shi, don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa. Yana duba maɗaurin bel, da fitilu, da ƙarar salansa, da ma'aunin gudu, wanda ba a yarda ya nuna ƙasa da gudun gaskiya ba. Da yawa sukan faɗi a karon farko, su koma su gyara su dawo. Motar da aka kasa tabbatar da shekarunta ko asalin kayanta kuwa, lamba mai farawa da harafin Q ake ba ta, kowa ya gani ya san matsayinta.

A nan gida, ba a hawa titi da mota sai tana da rajista da lamba, da takardar shaidar lafiya daga jami'an duba motoci da aka fi sani da VIO, da inshora aƙalla mai biyan wanda aka yi wa ɓarna, direba kuma da lasinsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, na da ikon tsai da duk motar da ta ga tana da hatsari. Shawarata ita ce tun kafin a sayi ƙarfe, a je ofishin VIO da na ba da lamba na jiha da zanen a hannu, a faɗa musu abin da ake niyya, a ji abin da za su bukata. A buɗe fayil, a zuba takardun motar fiɗa da rasit na kowane kaya da hotunan kowane mataki na aikin. Kada a ɗauki lambar wata mota a manna, kada kuma a yanko lambar shasin tsohuwar a liƙa wa sabon ƙashi a ɓoye. A faɗa wa kamfanin inshora gaskiyar yadda motar take, domin inshorar da aka samu da ɓoye gaskiya takarda ce kawai, ranar da aka buge wani sai mai mota ya biya daga aljihunsa, ko ya sayar da gida.

Kafin duk wannan ya kammala, motar a kan tirela ko bayan babbar mota za a kai ta wurin gwaji. Gwajin farko a fili za a yi shi, direba shi kaɗai, a hankali. Bayan kowane zagaye a tsaya a taɓa noti, a duba yoyo. Sai wani gwani wanda ba shi ya haɗa ba ya duba ta daga gaba har baya, domin idon mai abu ba ya ganin aibin abinsa.

Kammalawa

Ku shugabannin sana'a, ku ne yaran nan ke kallo. In kun ga almajirinku ya fara irin wannan aiki kada ku kashe masa gwiwa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku iyaye, kada ku yarda a ɗauki yara a motar da ba a gwada ba, komai kyanta. Ku samari masu haɗi, ku raba kuɗinku yadda birki da taya da sitiyari za su ci rabonsu kafin fenti. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya dakata, sannu ba ta hana zuwa.

Saurayin nan da na ba ku labari, da na nuna masa sandar sitiyarin bai yi gardama ba. Ya jingine motar wata huɗu, ya samo sanda lafiyayya, ya sake bututun birki gaba ɗaya, sa'an nan ya kai ta aka duba. Irin wannan hali muke nema ga duk mai son a kira shi maƙerin mota, domin titin da zai hau ba nasa ba ne shi kaɗai.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kiyaye mu a kan hanya.